Abin da Na Baro Cikin Ƙwai a Masar

Tun da na dawo daga Masar ban huta da tambaya ba. A makarantar da nake koyar da aikin gona a Tambuwal, a bakin masallaci, har a wurin mai gyaran babur, kowa sai ya ce in ba shi labari. Wasu tsakani da Allah suke tambaya, ƙasar suke son jin yadda take. Wasu kuwa magana suka ji, wai Larabawa sun sa yayana Malam Sahabi cikin ƙwai, suna son ji daga bakina amma kunya ta hana su fitowa fili. Na gaji da maimaitawa, kuma duk maimaitawar sai ta tayar mini da abin da nake so ya kwanta. Shi ya sa na zauna in rubuta sau ɗaya, mai son gulma ya karanta, mai son gaskiya ma ya karanta.

Mu uku mahaifinmu ya bari a Fakku, ƙasar Kebbe. Adda Kulu ce babba, ita ta goya ni bayan rasuwar innarmu. Malam Sahabi ya gaji zauren mahaifinmu da littattafansa. Sai ni Bello, auta, wanda boko ya ɗauke. A gidanmu akwai al'ada ɗaya da ba a wasa da ita: ba a yar da komai da ya fita daga jikin mutum. Farce, gashin aski, haƙorin da ya faɗi, duk gindin katangar gabas ake tona rami a binne. Cibiyoyinmu mu uku suna can. Da ciwon suga ya sa aka yanke wa kawunmu yatsan ƙafa a Sakkwato, Adda Kulu ta hau mota ta je ta karɓo shi cikin farin ƙyalle. Wanda bai san wannan ba ba zai gane labarina ba.

Ciwon Malam ya fara da ido. Ya yi rawaya, aka ce shawara ce, ya sha saiwoyi da sassaƙe iri-iri. Sai ƙaiƙayi, sai ciwon baya, sai rama har riga ta fara rataya a jikinsa. A Sakkwato aka ɗauki hoton cikinsa, aka ce ciwon daji ne a wata tsoka da ke kwance bayan tumbi, likitoci na ce mata fankiriyas. Suka ce irinsa ba ya jira, amma nasa da sauran damar a yanke in an yi hanzari. Tsofaffin ɗalibansa suka tsaya tsayin daka har aka shirya mana tafiya Alƙahira, ni da shi.

Ranar da za mu tashi Adda ta kira ni bayan ɗaki, wurin akurkin kajinta. Ta miƙa mini ƙullin dafaffen ƙwan zabi, amma ba ta saki hannuna ba.

"Bello, na ji an ce yanka shi za a yi."

"Aiki za a yi mai, Adda."

"Yanka na, kak ka yi mani boko. Duk abin da sunka cire jikinai, ko kamar ƙwayar gero na, ka zo mani da shi. Ba a barin naman musulmi ga shara, balle naman ɗan babanmu. Yi mani alkawari."

Na yi mata alkawari ba tare da wani tunani ba. A lokacin gani nake yi ba abin da ya fi wannan sauƙi.

Damina ce, hanyar Fakku zuwa Kebbe kuwa wanda ya san ta ya san ta. Motar ta kafe a laka sau biyu. A na biyun mazan wani ƙauye suka bar garmunansu suka turo mu, wani tsoho ya leƙo ya gane Malam, ya ce sai an yi wa saniyarsa addu'a, ta ƙi cin abinci. Malam da ke riƙe da cikinsa ya ɗaga hannu ya yi, yana dariya yana cije baki. Muka kwana gidana a Tambuwal, washegari Sakkwato, daga nan jirgi zuwa Abuja.

A Abuja aka ce ba a shiga jirgi da ruwa a gora. Gorar kuwa rubutu ne abokan Malam suka wanke masa. Na fara musu, don ni zuciyata a kusa take, Malam ya dafa ni ya karɓi gorar ya kafa kai ya shanye a tsaye, ya miƙa wa ma'aikacin gorar ba komai ciki, ya ce, "Yanzu sai ka hana shi shiga in gani." Ƙwan zabin Adda a nan muka cinye shi da yaji, ni tara shi ɗaya. Na ambaci wannan don shi ne ƙwai na ƙarshe da ya shiga bakina har yau.

Da muka sauka Alƙahira wani jami'i ya buɗe jakarmu ya ci karo da daddawa. Ya shinshina, ya ja da baya, ya kira abokinsa shi ma ya shinshina. Malam ya gyara murya ya yi musu bayani da Larabcin littafi, irin na tafsiri, kowane wasali a wurinsa. Suka yi tsit suna kallonsa kamar ana huɗuba, sannan suka fashe da dariya, babbansu ya sumbaci goshinsa ya ce ya wuce da kayansa. Tun daga nan muka raba aiki: in Larabci ake yi Malam ne gaba, in Turanci ne ni.

Masaukinmu yana hawa na bakwai a gidan wata gwauruwa, Ummu Karim, mace mai jiki da murya. Injin hawa benen keji ne na ƙarfe, da hannu ake jan ƙofarsa, yana tafiya yana kuka. Ummu Karim ba ta sauka sayen burodi, kwando take zurawa da igiya ta taga, mai burodi ya sa mata ta jawo. Da safe wake suke ci, da rana wake, in ka yi baƙo ma wake. Ran nan ta shigo da wata miya tana ta kirari, wai abincin sarakunansu ne na da. Na leƙa kwanon na ga miyar lalo ce zalla, sai dai da naman zomo da tafarnuwa. Na ce wa Malam ashe sarakunan Masar abincin gidan Adda suke ci. Ya yi dariya, ya sha cokali uku, ya ajiye.

Abin da ya dame shi a gidan ba abinci ba ne, rashin ƙasa ne. Ranar Juma'ar farko ya yanke farcensa ya rage gashin baki kamar yadda ya saba, ya tattara a tafin hannu, ya duba ɗaki, ya duba baranda. Ko'ina siminti da tayil. Na sauka har titi na zaga, ban ga inda mutum zai tona rami ba tare da an taru a kansa ba. Sai ya yage takarda ya naɗe su ya sa a jakar littattafansa, ya ce, "Su jira mu koma." Haka ya riƙa yi kowace Juma'a.

A hanyar asibiti mota na bi ta gefen wata maƙabarta da ba ta da iyaka. Ni a wurinmu maƙabarta fili ce, tudun ƙasa da fasassun tukwane, ba mai zama. Tasu kuwa unguwa ce, da lunguna da ƙofofi, ga shanya a kan igiya, ga hayaƙin girki. Rayayyu na zaune tare da matattu. Cunkoso ya tsayar da mu daidai wata ƙofa, Malam ya sauke gilashi ya yi wa mutanen kabari sallama da ƙarfi kamar yadda aka koya mana. Daga cikin shingen kabarin muryar mace ta amsa masa, a natse. Direba bai ko juyo ba. Ni kuwa na miƙa hannu na ɗaga gilashin.

Mako uku aka yi ana gwaje-gwaje. Ana gobe aiki, wata likita 'yar siririya mai tabarau, Dakta Hala, ta shigo da takardu ta zauna kusa da gadon Malam. Larabci suke yi, ni kuwa Adda ta kira waya na fita. Na dawo na iske yana sa hannu, na ɗauka takardun aikin ne. Aikin ya ɗauki awa bakwai, aka ce an cire abin, an gode Allah.

Washegari na tare babban likitan na ce masa na zo karɓar abin da aka yanke. Ya yi mini bayani da Turanci cewa mafi yawansa an yayyanka shi don bincike, ragowar kuma asibitin na da wurin da yake binne irin waɗannan, an riga an haɗa. Sai ya ce saura ɗan kaɗan yana wurin Dakta Hala, a ginin bincike, cikin ƙwai. Na sa shi ya maimaita sau biyu. Ya ce ƙwan kaza, in je in gani da idona.

Ginin shiru yake, ba majinyata, ba warin magani. Aka sa mini riga da takunkumi da safar hannu. Dakta Hala ta kai ni wani ɗaki mara taga, ba abin da ke motsi sai ƙugin inji. Injin na san shi, na ƙyanƙyasa ne, shekara nawa ina zana shi a allo. Ta buɗe ƙofarsa, ɗumi ya bugi fuskata, da wani ɗan wari irin na akurki. Ƙwai ne jere a kwance. Kowanne an yanke masa taga a sama an rufe da salatif. Kowanne kuma da rubutu a ɓawonsa.

Rubutun nan shi ya fi tsorata ni. Ina ɗan shekara bakwai aka wayi gari da ƙwai a bakin zaurenmu, an rubuce shi da tawada. Mahaifinmu bai bari kowa ya taɓa ba, da sanda ya tura shi cikin kasko, gidan ya kwana uku ana karatu. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da ake nufi da ƙwai mai rubutu. Yau ga ni tsaye gaban ashirin da huɗu, an gaya mini naman yayana ne a ciki.

Ta ɗauko ɗaya ta ɗora ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu ta ce in duba. Na ga wani tantani mai sheƙi, jijiyoyin jini sun bazu a kansa ja wur. A tsakiya ga wani farin abu, bai kai ƙwayar wake ba. Ƙananan jijiyoyi sun fara karkatowa wajensa ta kowane gefe, kamar hanyoyin ƙafa da ke haɗuwa a bakin rijiya. Can ƙasa wani abu na bugawa da sauri. Ina cikin kallo sai wani baƙin ido ya juyo daga ƙarƙashin tantanin, ya tsaya, ya nutse.

Ban san lokacin da na fara faɗa ba. Na ce mata mu ba jahilai ba ne, mun san abin da ake yi da naman mutum da ƙwai da rubutu, ta tattara mini su yanzu. Har na kai hannu cikin injin. Ta rufe ƙofar a hankali ta tsaya gabanta, ta ce, "Za su yi sanyi." Ta bari na gama, sannan ta ba ni kujera.

Ta ce rubutun lamba ce da kwanan wata, da fensir, don kada su rikice. Ƙwan masu ɗa ne. A kwana na uku ko huɗu suke buɗe tagar, wajen kwana na tara su ɗora ɗan yankin ciwon a kan tantanin da ɗan tsako ke numfashi da shi. A lokacin ɗan tsakon bai yi garkuwar jiki ba, bai san baƙo ba, sai ya miƙa wa abin jijiyoyinsa ya ciyar da shi kamar nasa. Cikin mako guda ciwon ya girma, su ɗiga wa wasu magani su bar wasu, su ga wanda ya tsaya da wanda bai tsaya ba. Ta ce da ɓeraye ne sai a yi watanni, kuma wahalar dabbar ta fi yawa. Kafin ɗan tsakon ya kai ƙyanƙyasa sukan tsayar da komai, su ɗauke ciwon su mai da shi sabon ƙwai.

"Ba zan yi maka ƙarya ba," in ji ta. "Wannan ba maganin yayanka ba ne. Ciwon nan yana kashe mutane da sauri, kuma abin da muka sani a kansa kaɗan ne. Wataƙila abin da za mu koya ya amfani wanda bai ma fara ciwon ba. Wanda ya sa hannu yana raye, je ka tambaye shi."

Na iske Malam a jingine, robobi a hanci da ciki. Na sauke masa duk abin da ke raina. Ya saurara idonsa a rufe.

"Ni nis sa hannu, Bello. Na karanta, na tambaye ta har tag gaji."

"Malam, naman jikinka na fa. Cikin ƙwai."

"Kai da ka koya ma yara kiwon kaji, kai ka tsoron ƙwai?" Ya yi murmushi. "Wanga abu ba ni na ba. Baƙo na yaz zauna cikina shina cina. In sun tsare shi sunka gane halinai, wani ya huta. Shekara arba'in ina karantarwa, ban taɓa samun darasin da za shi ci gaba ba ni nan kamar wanga ba."

"Adda fa? Na yi mata alkawari."

"Bar ni da Adda. In mun koma ni ka gaya mata."

Ya ce in kwatanta masa abin da na gani. Na kwatanta, har idon. Sai ya ce, "Allah sarki, ɗan tsako. Bai san wa shi ka ciyarwa ba." Juma'ar da ta biyo baya ni na yanke masa farce, hannunsa ba ƙarfi, ya sa na naɗe na haɗa da sauran.

Bai koma ya gaya mata ba. Kwana takwas yana samun sauƙi, sai zazzaɓi ya rufe shi. Likitoci sun yi iya yinsu, ba ni da abin da zan ɗora wa kowa. A kwana na sha ɗaya bayan aikin, ranar Alhamis kafin azahar, Allah ya karɓi abinsa. Tun a gida ya faɗa gaban kowa cewa inda ya mutu nan za a rufe shi. Ni da mai wankan asibitin muka yi masa wanka. Kabarinsu ba irin namu ba ne. Ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, da matakala, ana ɗage duwatsu a sauka. Na sauka riƙe da kansa, na ga wasu kwance a jere cikin likkafani, tsofaffi da sababbi. Muka kwantar da shi kusa da su yana fuskantar alƙibla, muka hau, aka mai da duwatsun. Ummu Karim ta yi kuka kamar ɗan'uwanta ne.

Na kira Adda. Ba ta yi kuka a waya ba. Ta yi salati, ta ce, "Ƙasar Allah ta duka. To ka zo mani da abin da sunka yanke, mu samu abin da mu ka sa wa gindin katanga."

Ranar Lahadi na koma ɗakin nan mara taga. Dakta Hala ta yi mini ta'aziyya da hawaye a idonta. Ta ce an riga an ɗauke ciwon daga ƙwan farko an sa a sababbi, kuma biyar kaɗai suka kama. Sannan ta ajiye takarda a gabana. Ta ce yanzu ni ne mai magana. In na ce a tsaya, yau za su tsaya, su kashe abin, su daskarar da shi cikin kaki irin na kyandir, su ba ni da takardar da za ta wuce da ni filin jirgi. In na ce a ci gaba, ba abin da zan tafi da shi, don abin bai kai a raba ba.

Na ce ta buɗe mini injin. Ɗumin ya sake bugun fuskata. Kwana uku da suka wuce na riƙe hannun Malam a wurin wanka, sanyi ƙalau. Yanzu na ɗora yatsana a gefen ƙwan, ɗuminsa daidai na jikin mai rai. Na duba ta madubin. Farin abin ya yi ƙiba, ya yi ja, jijiyoyi sun shige shi ta ko'ina. Mutumin yana ƙarƙashin duwatsu, abin da ya kashe shi kuwa ga shi nan yana shan jini, ya ma sake gida. Na ji tsoro, na ji haushi, kuma na ji ba na son a rufe ƙofar, don duk duniya nan kaɗai wani abu nasa ke da ɗumi. Sai na ji bakina ya yi sallama a hankali, kamar mai shiga zaure. Ɗan tsakon ya motsa.

Na daɗe a zaune da takardar. Alkawari na yi wa mai rai, wasiyya kuma ta mamaci ce, kuma ba mai sauke mini ɗaya. Na tuna yadda ya ce darasi. Na tura mata takardar ba tare da na sa hannu ba, na ce su ci gaba. Na fita da sauri don kada in sake shawara.

Dawowa ba ni da labarinta. Na zauna kusa da kujerar da ba kowa, aka kawo abinci da ƙwai a ciki na mayar. Na isa Fakku da la'asar, gida cike da masu gaisuwa. Sai da aka watse Adda ta kira ni wurin akurki, inda ta riƙe hannuna ran nan. Ta miƙo tafin hannunta.

Na gaya mata komai, ban rage ba. Injin, tagar, rubutun, idon, abin da Malam ya ce, da takardar da na tura. Hannunta na miƙe har na gama.

"Sun ba ka, kac ce a'a."

"Na ce a'a, Adda. Shi yas so hakanan."

"Shi ya tafi. Kai niy yi magana da kai." Ta janye hannun. "Ka bar ɗan'uwanka cikin ƙwai, ka taho."

Kwana shida ba ta yi mini magana ba. Tuwona na zuwa, ruwan alwala na zuwa, amma in na gaishe ta sai ta dubi wani wuri. Na sha zagi a rayuwata, ba wanda ya yi mini zafin shirun nan. Wata mai gaisuwa ta tsinci rabin zancen, shi ne ya zaga har Tambuwal ya zama abin da kuka ji.

Ranar bakwai da safe ta zauna a tabarma tana fitar da kayan Malam daga jakar littattafansa. Ina daga nesa na ga ta tsaya. 'Yan ƙullin takarda ne guda huɗu, wallahi ni na ma manta da su. Ta warware ɗaya, ta duba, ta warware na biyu. Ba wanda ya gaya mata ko mene ne. A nan ne ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar. Da ta natsa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Bello, ɗauko fartanya."

Na tona gindin katangar gabas. Ta sa su cikin farin ƙyalle ta ajiye da hannunta, muka mai da ƙasa, ta ɗora dutse don kada kaji su tone. Muna tsugune ta ce, "'Yan tsakin ga da ka ba shi jini, ana bari su fito?"

Na ce a'a, ba a bari.

Ta miƙe ta kakkaɓe hannunta. Amma tun daga ranar Adda Kulu ba ta sake ɗaukar ƙwai daga ƙarƙashin kaza ba, ba na ci, ba na sayarwa. Duk wadda ta yi ƙwai sai ta kwanta a kansa. Gidan yanzu ba wurin sa ƙafa don 'yan tsaki, in sun tasa ta raba su sadaka. Har yau ba ta ce ta yafe mini ba, ni kuma ban tambaya ba.

Dakta Hala takan aiko mini saƙo jefi-jefi. Na ƙarshe ya zo watan jiya, ta ce abin na nan yana girma, sun sake masa ƙwai, kuma wani magani ya rage masa sauri a wasu, amma kada in ɗauki wannan a matsayin albishir tukuna. Ban gaya wa kowa ba. Juma'ar da ta wuce na je Fakku, na iske Adda tsaye tsakar gida da ƙwaryar dawa, kaji sun kewaye ta. Muka gaisa. Ta ɗebi dawar ta riƙe a hannu ba ta watsa ba.

"Shina nan?"

"Shina nan, Adda."

Ta dubi dutsen da ke gindin katanga, ta dubi kazar da ke kwanci a bakin akurki. Ta ce, "To." Sannan ta watsa musu dawar.